Sifanonin da Mansir Ya Bari a Ƙarƙashin Gado

Ana sanar da jama'ar Bauchi da kewaye, musamman masu tsohuwar sifana a gida, cewa daga yanzu babu mai faɗa musu shekarunta. Duk wanda ya tsinci wata a kayan kakansa, ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya haƙura. Ofishin da ke wannan aiki, wato benci guda a gindin darbejiya a Gwallaga, an rufe shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan Azahar, Allah ya karɓi ran Mansir Makanike, mijin ƙanwata Maimuna, abokin gardamata. Mun kai shi makwancinsa kafin Magariba, ana yayyafi.

Mansir, ka san ban taɓa ɗaukar iliminka da muhimmanci ba. Ni malamin tarihi ne, ina da sarakuna da yaƙe-yaƙe, kai kana da ƙarfen kwance noti. In na taso daga makaranta nakan zauna a bencinka in sha iska, in kalle ka kana goge wata baƙar sifana da toka da kananzir, a hankali, kamar mai wanke jariri. Sai rubutu ya fara fitowa daga cikin tsatsa. In haruffan sun yi tudu, ka ce tare da ita aka zuba su, ta tsufa. In bugawa aka yi, jiki kuma yana ƙyalli, ka ce yarinya ce. Mai inci ta girmi mai milimita a garin nan. Wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma, ka ce ƙasar da ta haife ta ma ta riga ta sauya suna. Tsofaffin na Ingila kuwa, lambar da ke jikinsu ba ta dacewa da faɗin bakinsu, domin kaurin ƙusar suke aunawa, ba kan notin ba. Na ce ashe har ƙarfensu ba ya faɗin magana kai tsaye. Ka yi dariya har da tari.

Daga nan sai ka rataye ta da zare, ka ƙwanƙwasa, ka lumshe ido. Kafin ƙarar ta mutu ka riga ka bar Gwallaga. Ka gan ta a akwatin katako cikin jirgin ruwa, ka gan ta a ramin kuza a Jos, ka gan ta a aljihun wani mai shimfiɗa dogo lokacin da jirgin ƙasa ke neman hanyar Bauchi. Kai da ba ka taɓa ganin teku ba, kana ba ni labarin warin gishirinsa. Ni kuma barcin La'asar yana fizgata, ganyen darbejiya na zubo mana, har in rasa wanda ke mafarki a cikinmu.

Abin da ka fi so shi ne alamar masu ita. Kowane tsohon makanike yana da tasa, don kada kayansa su ɓace a gareji. Wani ɗigo uku, wani tsaga biyu da magagari. Ranar da zai yaye yaronsa sai ya ba shi sifana guda, yaron ma ya ƙara tasa alamar a gefe. Kana bin su da farce kana karantowa, wane daga wane daga wane. Na sa wa abin suna isnadin sifana. Maimakon ka ji haushi, ka karɓi sunan kana ta faɗa wa mutane.

Ba zan ce ba ka kuskure ba, ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce. Ka tuna wadda ka rantse ta girmi layin dogo, ka tara mutane kana bayani? Wani tsohon maƙeri daga Zungur, ya zo gyaran keke, ya leƙa ya ce, “Ai ni na ƙera ta, da sifirin na mota. Rubutun ma kwaikwaya na yi, don ta yi kyau.” Na shekara ina yi maka dariya. Kai kuwa ka saya wa tsohon shayi, ka sa ya buga alamarsa a jiki, ka ce ita kaɗai ce a cikin tarinka ka taɓa gaisawa da ubanta.

Akwai Hamsatu ta Inkil, mai tsohon injin niƙa da take ciyar da marayunta da shi. Notinansa ba sa jin kowace sifana sai tsohuwar ta Ingila. Duk sanda ya tsaya, sai ka sa guda biyu a aljihu ka hau babur, ko da ana ruwa. Ba ka taɓa karɓar komai ba sai kunu.

Wadda ta sha wahalar wannan ilimi ita ce Maimuna. Tarin ya cika gareji, ya shigo zaure, ya ƙare a ƙarƙashin gadonta. Tun tana amarya take kawo mini ƙara, ƙarfe ya fasa mata yatsa, tsatsa ta ɓata mata zani. Na sha gaya maka, “Ranar da ka tafi, ’yan gwangwan ne za su gaje ka, a narka tarihin naka a yi rodi.” Sai ka ce, “To, Yaya Malam, Allah ya sa a yi ginin masallaci da shi.”

Har nan na rubuta a ranar da muka binne ka. Sauran ya faru bayan addu'ar bakwai.

Da yardar magada, na kira wani ɗan gwangwan mai suna Abba, ya zo da kurarsa da sikelinsa. A tunanina zan sauke wa ƙanwata nauyi, ta samu wurin shimfiɗa tabarmar takaba. Aka zube sifanonin a tsakar gida. Abba ya fara cika buhu.

Sai Maimuna ta fito bakin ƙofa cikin hijabi ta ce, “Yaya, wa ya ce a taɓa wannan?”

Na ce, “Ba ke ba ce kullum kike cewa sun ishe ki?”

Ta ce, “Da shi nake faɗan, ba da su ba.”

Ta durƙusa ta zaro guda daga bakin buhun, ta murza ta da babban yatsa, daidai yadda kake yi. Ta ce, “Mai inci ce, rubutu mai tudu. Ɗigo uku da tsaga ɗaya, ta mahaifin Toma ce. A kira Toma.” Ta ware biyu ta ce na injin Hamsatu ne. Ta ɗaga ta Zungur, ta yi murmushi na farko tun rasuwarka, ta ce wannan ba inda za ta. Ashe duk shekarun da take mita tana share ƙarƙashin gado, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kana bayani tana cewa ka rabu da ita, komai yana shiga kanta.

Toma, abokin aikinka mutumin Bogoro, ya zo da yamma. Ya karɓi sifanar da hannu biyu, ya dubi ɗigon, ya ce, “Hannun Baba ke nan.” Ya juya ya fuskanci bango. Abba ya zazzage buhunsa ba wanda ya ce masa, ya yi mana gaisuwa ya tafi. Tun daga ranar makanikai ke sallama a ƙofar gidan, ’yarka Khairat tana shiga da saƙo, tana fitowa da amsar uwarta.

Allah ya jiƙanka, Mansir, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa tafiyar Inkil ta tarye ka a mizani. Ina miƙa ta'aziyya ga Maimuna, da Khairat da ƙannenta, da Toma, da duk makaniken da ke ɗauke da alamarka a akwatinsa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Sanarwar da na fara da ita kuwa, a yi watsi da ita. Kuskure na yi. Ba a rufe ofishin ba, cikin gida ya koma.