Ranar da Kaka Ya Sake Buga Ƙarfe

A ƙauyenmu da ke bayan Roni, cocinmu ba shi da ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota aka rataya a reshen darbejiya, kuma tun ina goye mutum ɗaya ne ke buga shi, wani dattijo da duk yara ke kira Kaka. Mu Kiristocin garin ba mu da yawa. In mutum bai zo sujada ba, kowa sai ya ga gurbinsa a benci.

Matarsa, wadda muke kira Iya, ita ce ke fara fitowa duk ranar da ya buga. Za ta taho tana gyara ɗankwali tana cewa, “Na ji, mai gida, sai ka fasa mana kunne?” Shi kuma ya ƙara bugu ɗaya don tsokana. Na karanta littattafan soyayya masu yawa, waɗanda nake sayowa a kasuwar Kazaure, amma ban taɓa samun shafin da ya kai wannan ƙarin bugun daɗi ba.

Da damina Iya ta rasu. Kaka ya ci gaba da buga ƙarfensa, sai dai ya daina ƙarin nan.

A shekarar ni ke koyar da yara a makarantar Lahadi. Kirsimeti ya matso, muna ta koyon waƙoƙi da la’asar. Wata rana muka tashi, yaran suka tarar da Kaka a gindin darbejiya, suka kewaye shi suna tafi. Wasan jika da kaka ai ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ma ya saba ce musu masu ƙafar kaza. Sai suka ƙago waƙa nan take: “Kaka ya buga, Kaka ya buga, amarya ta ƙi fitowa!”

Ya ajiye guntun ƙarfen da yake bugu da shi a gindin bishiyar, ya kama hanyar gida a hankali.

Lahadin da ta biyo baya wani saurayi ne ya buga, garam-garam kamar ana korar awaki daga gona. Kaka bai zo ba. Daga baya maƙwabcinsa, wani Bafulatani da suka daɗe suna abota, ya shaida wa mahaifiyata cewa tsohon ya aika wa ɗansa a Kazaure ya zo ya ɗauke shi kafin biki. Wai ya ce ya zama abin waƙa a bakin jikoki, zamansa a nan ya ƙare.

Da muka haɗu da yaran, na zo da gyaɗa mai ɓawo a kwano, na raba musu.

“Kowa ya ɓare,” na ce.

Suka ɓare, wasu har sun kai baki.

“To, yanzu ku mayar da ita cikin ɓawon, ku rufe yadda take.”

“Malama, tawa tana ciki,” in ji wani, yana nuna tumbinsa. Aka kwashe da dariya.

Suka yi ta fama, wannan ya sa yawu, wancan ya ɗaure da zaren rigarsa. Ba wanda ya iya. Na ce musu haka magana take, in ta fita ba ta komawa. Sannan na tambaye su wa ke fara fitowa idan Kaka ya buga ƙarfe.

“Iya,” suka ce baki ɗaya.

“Yanzu tana fitowa?”

Akwai wata yarinya mai wushirya, wadda Kaka ke kira amaryarsa, ita ce ta ɗauko waƙar ranar.

“Malama, ai wasa ne. Ba Iya muke nufi ba.”

“Na sani. Amma shi Iya ya ji.”

“To mun riga mun ɓare,” ta ce, hawaye na zubo mata. “Yaya za mu yi?”

Gaskiya ni ma ban sani ba. Na ce bakin da ya kori Kaka, shi za mu ɗauka mu je mu gwada.

Na zauna na tsara mata kalaman ban haƙuri masu daɗi, irin waɗanda ke sa zuciya ta narke: ya kai inuwar da muke fakewa, ya kai farin watan garinmu. Ta haddace su tsaf, tana maimaitawa a hanya.

Mun tarar da shi a ƙofar gida da abokin nasa Bafulatani, suna shan hantsi a kan tabarma. A bayansu ga ƙullin kaya an ɗaure da igiya, tukunyar Iya a sama. Muka durƙusa muka gaishe su, Kaka ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Yarinyar ta matsa gaba. “Ya kai inuwar…” Sai ta tsaya. Ta waiwayo ni, na yi mata alama da ido, amma komai ya tsere mata. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

“Kaka, ka yi haƙuri. Ba mu san zai yi maka zafi ba. Mu ma muna kewar Iya.” Ta ja hanci. “In ka buga ranar Kirsimeti, ni zan fara fitowa. Kullum ma.”

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa. Har na fara tunanin yadda za mu tashi mu tafi.

“Ke?” ya ce daga ƙarshe. “Wace irin amarya ce wannan mai majina? Ke da ake tashinki da ruwan sanyi?”

“Ka dai buga ka gani, tsoho mai kunnen tulu!”

Bafulatanin ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. “Ka ji ko? Ta fi ƙarfinka. Ni dama wa zan riƙa kai wa nono in ka tafi?”

Kaka ya share ido da bakin rigarsa, ya ce mu tashi mu ba shi wuri. Bai yi alkawarin komai ba, kuma kayan suna nan a ɗaure lokacin da muka fito.

Safiyar Kirsimeti ina tsaye a kan tukunyar shinkafa, hankalina duk yana waje. Sai na ji bugun, a hankali, da ɗan jinkiri tsakanin ɗaya da ɗaya. Na saki ludayi na leƙa ta kan katanga. Ga yarinyar nan a guje, takalman biki a hannu, ɗankwali na jan ƙasa, tana ihu, “Na ji, Kaka, sai ka fasa mana kunne?”

Ya dube ta, ya ɗaga hannu, ya ƙara bugu ɗaya.

Na jingina da katangar na sauke ajiyar zuciya, har mahaifiyata ta ce shinkafa na kamawa. Da ɗan Kaka ya iso daga Kazaure a kan babur, ya ci abincin biki tare da mu, ya taya mahaifinsa kwance igiyar kayan, da yamma ya koma shi kaɗai.