Wa Aka Ba Kujerar Kawu?

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, wanda aka fi sani da Tafinta. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ya cika a gadon asibiti, matarsa na riƙe da hannunsa. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe masa huhu bayan karayar ƙugu. Ban musa wa likita ba. Amma yadda aka yi ƙugun ya karye, har yau duk wanda na tambaya da irin labarin da yake ba ni.

Kawu, tun kafin a haife ni haɗarin mota ya ɗora ka a kan keken guragu, don haka ban taɓa saninka a tsaye ba. Abin da na sani shi ne mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tafinta a kotu, ya ji ƙarya iri-iri har kunnensa ya ƙware. Sunan mahaifiyarka aka sa mini, shi ya sa kake kirana Uwata. In na kawo maka wani uzuri, sai ka leƙo ni ta saman tabarau ka ce, "Uwata, sake faɗa mu ji, ko zai fito yadda ya fito ɗazu." Ba na kai ƙarshe sai dariya ta tona ni.

Bayan ka yi ritaya aka sa ka a kwamitin da ke ba hukumar jiragen sama shawara kan fasinjoji masu nakasa. Da bakinka aka rubuta cewa mai keke yana da haƙƙin kujerar da hannunta ke ɗagawa, don ya zame ya shiga ba sai an cicciɓe shi kamar buhu ba, kuma ba a raba mai nakasa da ɗan rakiyarsa. Ranar da dokar ta fito mun zo yi maka murna, ka ce mu adana murnar sai mun ga an bi ta. Daga nan ka tsiri yin tafiya ba tare da ka faɗi ko kai wane ne ba, don ka ga abin da ake yi wa wanda ba shi da kowa.

A wurin zaman makoki wani dattijo makaho ya ba mu labarin da ba mu sani ba. An taɓa ajiye shi a kujerun gaba na jirgi, aka tura matarsa can baya, ita da ke karanta masa komai. Kai ne ka kira shugabar ma'aikatan jirgin, cikin ladabi ka ce jirgin nan zai tashi lafiya, amma bayan an mayar wa bawan Allahn nan idonsa. Aka dawo da ita. Ya ce bai san sunanka ba sai da ya ji sanarwar rasuwarka, matarsa ta gane hoton.

Tafiyarka ta ƙarshe ni na kai ka filin jirgi. A gabana mai tantance tikiti ta tabbatar maka da kujerar gaba, ta bakin hanya. Da ka sauka, a kan gadon marasa lafiya aka fito da kai. Kamfanin jirgin ya ce an canza jirgi ne a ƙurarren lokaci, dole aka mayar da kai baya. Ya ce kuma kai ka ƙi a taimaka maka, ka yi yunƙurin tashi da kanka ka zame. Kawu, kai da ko daga gado zuwa keke sai ka gwada birki ka sake gwadawa?

A asibiti zafi bai bar ka ka yi dogon bayani ba. Abin da ka iya ce mini shi ne, "Ban zame ba, Uwata. Sakina aka yi."

Bayan jana'iza wata mata ta zo gidan, ta ce ita ce ta zauna kusa da kai. Ta rantse ba a canza wani jirgi ba. Kujerarka na nan, wani babban mutum ne da jami'ai ke yi wa rakiya ke zaune a kai. Ta ce ka yi magana, ka ambaci doka, aka ce kana jinkirta mutane. Ma'aikata biyu suka ɗaga ka don su tsallakar da kai kan hannun kujerar da ba ya motsi, ɗaya ya saki kafin ɗayan ya shirya. Na karɓi lambarta. Da na kira washegari, muryarta ta sauya, ta ce mijinta ya hana ta shiga maganar, kuma wataƙila ba ta gani da kyau ba.

Mutanen kamfanin ma sun zo gaisuwa, da fuskar jimami da addu'o'i masu tsawo. Babbansu ya ja ni gefe ya tambaya a hankali, "Marigayin ya faɗi wani abu kafin ya cika?" Bai tambayi yadda ka yi jinya ba. Na nemi sunayen waɗanda suka ɗaga ka, ya ce an mayar da su wani reshe. Mun kai ƙara hukumar da ka yi wa hidima, aka ce ana bincike. Wanda aka ba binciken kuwa, na gan shi sun shiga mota ɗaya da babban nan na kamfanin.

Na yarda kwananka ne ya ƙare, ko a gadonka kake ranar ba za ta wuce ka ba. Amma ajali daban, amana daban, kuma ba zan daina tambaya ba. Dattijon nan da abokan kwamitinka sun ce tare za mu tsaya.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta tura keken nan da haƙuri tsawon aurenku, da 'ya'yanka, da mahaifiyata da ta rasa yayan da ya riƙe ta. Ya Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya wahalar da ya sha ta zama kaffara. Wanda ya san gaskiya yake jin tsoro, Ka ƙarfafa masa zuciya. Wanda ya san ta ya binne, Kai ne Shaida, mun bar shi da Kai. Amin.