Keken Mahadi Ba Ya Ɗaukar Buhu

Ni dai tun ranar da kwalin farko ya iso ban yarda da shi ba. Kwali ne mai faɗin ƙyauren ɗaki, ɗan kabu-kabu ya kawo shi daga tasha, amma Mahadi ya sa yatsa biyu ya sauke shi kamar an miƙo mai faifai. Ina zaune gaban kaskona ina juya ƙosai, na ce a raina, ko dai wanga kwali wofi ne, ko kuma abin da ke ciki ba na Allah da Annabi ba ne.

Mahadi ɗan Karakkai ne, can ƙasar Bungudu. Ubansa ya rasu yana ƙarami, sai Arzika, wan uwarsa, ya riƙe shi. Gona ba ta karɓe shi ba. In an tura shi noma, sai a iske shi gindin itace ya kwance keken kawunsa yana wanke sarƙa. Da ya girma ya shigo Gusau ya kafa rumfar faci a Tudun Wada, jikin katangar da nake suya. Shekaru muna nan tare, hayaƙina na shiga rumfarsa, warin giris ɗinsa na shigo min kasko. Kekunan da yake gyarawa irin namu ne, baƙaƙe masu nauyi, waɗanda ake ɗora wa itace da jarkoki da buhun dawa, wani lokaci har da akuya. Mutum ne mara yawan magana, kuma ni ban taɓa sakin jiki da mara magana ba.

Da mashin ya cika gari sai aikin faci ya ja baya. A nan ne ya tsinci wannan sana'a a cikin wayarsa. Wai akwai keken tsere da ake haɗawa da hannu, gangar jikinsa tana zuwa daga Chaina da araha, taya daban, birki daban, sirdi daban, shi kuma ya zauna ya harhaɗa, ya sayar wa ma'aikatan gwamnati da likita ya ce su rage tumbi. Gangar jikin ita yake kira firam. Na tambaye shi wane irin ƙarfe ne.

"Ba ƙarfe ba ne, Inna Luba. Kabon ne."

"Katako?"

"A'a. Awa zare ne aka saƙa, aka daskarar da shi da danƙo."

"To ashe zane kake hawa. Allah shi kyauta."

Sirdin kamar harshen kare, tayar kamar tsinken tsintsiya, ga hannun a lanƙwashe awa ƙahon rago. Babu kariya a baya, ko ƙullin gishiri ba inda za ka ɗora. Noti kuwa ba ya ɗaure shi da ƙarfinsa kamar yadda maza ke yi. Wata 'yar sifana gare shi, yana juyawa a hankali, da ta yi ƙas sai ya tsaya. Ya ce in ya ƙara, firam na iya tsagewa daga ciki ba a gani. Kowane firam ya iso, sai ya zo ya ari cokalina, ya bi jikinsa yana ƙwanƙwasawa, kunne a manne. Mai lafiya yana amsawa tas-tas. Akwai wani baƙi cikin guda biyu da suka zo tare, shi da aka kai wajen wuyansa sai ya yi dum, irin amon tsagaggiyar tukunya. Daga inda nake zaune na ji. Mahadi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rataye shi can sama jikin azara, bayan tsofaffin tayoyi. Ɗaya baƙin ya haɗa wa kansa.

Shi wannan nasa shi ya jawo magana. Da an sallame asuba sai ka gan shi cikin wani matsattsen wando da ko ɗan dambe zai ji kunyarsa, da hular kwano, ya duƙa ya miƙi hanyar Tsafe. Wata rana Bungudu. Kafin in sauke kaskon farko ya dawo yana zufa. Kowa ya san halin da hanyar Tsafe ke ciki a shekarun nan. Masu mota ma sai da addu'a. To shi mi ya taka da yake zuwa shi kaɗai ya dawo ba ko ƙwarzane? Ban ɓoye ba, har a gabansa na faɗa.

"Mahadi, wa kake gaisarwa can kowace safiya?"

"Motsa jini ne, Inna."

"Jinin naka a Tsafe aka aje ma shi?"

Ya yi murmushi ya ci gaba da goge sarƙa.

Ba ni kaɗai ke da ido ba. Masu sayen ƙosai suka fara tsayawa suna leƙen rumfar. Wani ya ce firam ɗin rami ne ciki, tun daga sirdi har wuya. Wani ya ce in rami ne ai ana iya cusa ƙwaya, ko layukan waya, ko ma harsashi. Daga nan kalmar ta fito: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto da saƙo. A garin nan in aka liƙa wa mutum wannan suna, sa'arsa ita ce a bar shi ya kwashe kayansa da ƙafarsa. Ga Suwaiba matarsa da goyo, maƙwabta har sun daina aiko mata yara ɗibar wuta.

Mai unguwa, Malam Attahiru, ya zo da kansa da hantsi, da mutane a bayansa. Ya tsaya bakin rumfa bai shiga ba.

"Mahadi, mutane sun kawo ƙorafi. Mi ka cikin wanga keke naka?"

Mahadi ya zare sirdi ya nuna mai ramin. Mai unguwa ya leƙa da ido ɗaya.

"Wanga rami guda ne. Sauran bututun fa? Ka sa zarto ka yanka muna shi gaban jama'a, kowa shi gani, magana ta ƙare."

"Ranka shi daɗe, in an yanka ya mutu ke nan. Ba a ɗinke shi."

"To ka zaɓa. In Juma'a ta yi ba a ga cikinai ba, ni ba ni iya tare ma 'yan sa-kai. Na hwaɗa ma."

Suka tafi. Mahadi ya zauna bisa benci yana jujjuya 'yar sifanarsa. Na ce mai, "Kai ɗan nan, keke ya fi wuyanka ne? Yanka musu mana." Ya ce, "Inna, ko na yanka, cewa za su yi na kwashe abin da ke ciki tun kafin su zo." Gaskiya ya faɗa. Ni ma abin da zan ce ke nan.

Labari ya kai Karakkai, ban san wa ya kai shi ba a lokacin. Ana gobe Juma'a sai ga Arzika ya sauka daga mota, rawani a karkace, ya sayi dawar iri a kasuwa an biyo shi da buhun a baro. Arzika irin dattijan nan ne da ke ganin duk abin da ɗan ƙanwarsu ya mallaka nasu ne, kuma a wajenmu haka ɗin ne. Kawu ya miƙa hannu kan kayanka, ba ka da bakin cewa a'a, balle wanda ya ci da kai tun kana yawo ba wando. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya hango baƙin keken jingine a bakin rumfa, an goge shi yana ƙyalli.

"Wanga shi na abin da ka son raba ka da mutane? Kawo shi nan in kai dawata tashar Bungudu."

"Kawu, don Allah, ba shi ɗaukar kaya."

"Ba shi mi? Keke ne ko amarya?"

"Wallahi karyewa zai yi. Bari in samo ma kabu-kabu."

"Ji min ɗan banza! Ni da na goya ka kan kekena, da buhu biyu da uwarka a baya, yau ni za ka hana ma keke? Ashe da gaske ne akwai abin da ka ɓoye ciki!"

Faɗa ya tara mutane, har da Malam Attahiru da ke dawowa daga wajen wani suna. Mahadi ya durƙusa yana roƙo, har da riƙe gefen rigar kawun. Arzika ya fizge. Ya nemi kariya bai gani ba, ya yi tsaki, ya sa mai baro ya kama mai suka gicciya buhun bisa sandar tsakiya, yadda kowa ke yi. Keken ya yi wani ɗan ƙara. Arzika ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa ya haye wannan sirdi mai kama da harshen kare, ya taka feda.

Bai wuce kwatar gaban kaskona ba. Tayar gaba na faɗawa ramin sai muka ji ƙarar abu kamar an taka busasshen kara. Wuyan keken ya rabu da jikinsa. Arzika ya zauna daɓas bisa buhunsa, hannun keke a hannunsa, rawani a cikin kwata. Da aka ga bai ji ciwo ba sai dariya ta ɓarke, har da waɗanda ke kiran Mahadi infoma.

Ya miƙe yana kaɗe riga. "To mi? Ba karaya ba ce? A kai ma mai walda!"

"Kawu, ba a yi mai walda."

"Rufe min baki. Garmata ma an yi mata."

Haka aka ɗunguma zuwa rumfar mai walda a bakin titi, ni ma na bar kaskona na bi, don ba a ba ni labarin abin da zan iya gani. Mai walda ya ɗora wuta. Maimakon ja, sai abin ya yi baƙin hayaƙi mai warin ƙonannar roba, bakin karayar ya tarwatse ya zama gashi-gashi. Ya ce bari ya nemi inda ƙarfen yake. Ya sa zarto nan, babu. Ya yanka can, babu. Kafin ya haƙura ya yi wa firam ɗin gunduwa-gunduwa kamar rake. Malam Attahiru ya bi guntayen ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa sama yana hango rana ta ciki, yana kaɗawa, yana shinshinawa. Ko ƙura babu.

"Jama'a, kun gani da idonku," in ji shi. "Kuma ba shi ya kawo ba, ƙwace mai aka yi yana kuka. Daga yau kada in sake jin wagga magana."

Arzika ya ce dama shi ya san ɗan ƙanwarsa ba ya da wani mugun hali sai wauta, mutum ya sayi kara da sunan keke. Mahadi ya sa shi a kabu-kabu da buhunsa, ya bi shi da a sauka lafiya.

Kowa ya watse da tausayin Mahadi. Ni kuwa da na dawo na iske ƙosaina ya ƙone, na zauna ina kankare kasko, sai idona ya kai kan azara. Tsofaffin tayoyi na nan. Ƙugiyar da ke bayansu, inda ya rataye wancan baƙin firam, babu kome a jikinta.

Na bari har la'asar, rumfa ta yi shiru, sannan na leƙa.

"Mahadi, ina mai amon tsagaggiyar tukunya?"

Ya jawo wata taya yana duba facinta.

"Wanda ka rataye can sama nake nufi. Mai ciwo a wuya. Ikon Allah, shi ma na kawunka a wuya ya karye."

"Inna Luba, kin cika sa ido."

"Wa ya aika Karakkai?"

"Suwaiba ce ta kira matar kawu, su gaisa."

"Su gaisa. Kai kuma ka goge keke ka jingine shi bakin hanya ranar da ka san zai shigo sayen iri. Da tsohon ya karya ƙugu fa?"

"Ai na san ba ya wuce kwatar nan, kuma bisa buhu zai sauka. Na rage mai tsawon sirdi ma."

Na dube shi da kyau. Shekara da shekaru ina ganin wanga yaro shiru-shiru, ashe kansa a cike yake.

"To fito min da mai lafiyar. Su an rufe musu baki, ni ba a rufe nawa ba."

Ya ja wani tsohon buhu daga ƙarƙashin benci, ya zaro shi, tsirara ba taya ba sirdi. Na karɓa, nauyinsa bai kai ludayina ba. Na kaɗa shi kusa da kunnena, na juya shi sama da ƙasa, na zura tsinken tsintsiya ta kowace kafa da na samu. Na sa cokalina na bi shi tun daga wuya har gindi. Tas-tas. Ban ji kome na motsi ba. Na miƙa mai.

"Za ki faɗa ma mai unguwa?"

"In faɗa mai mi? Shi ya leƙa ya ga rana."

Ba a daɗe ba ya mayar wa mai lafiyar tayoyinsa, ya fesa mai jan fenti, aka ce sabo ya sayo. Yaran maƙwabta sun koma ɗibar wuta wajen Suwaiba. Guntayen nan kuwa ya zura su a igiya ya rataye bakin rumfa, duk mai shakka ya ɗaga ya leƙa. Arzika har yau in ya shigo gari sai ya tsaya ya nuna wa mutane su, yana ba da labarin yadda ya tona asirin kayan Chaina.

Hanyar Tsafe ya daina bi, sai Bungudu, kuma yanzu su uku suke fita da wasu ma'aikata. Na yarda babu kome cikin kekensa, tunda hannuna ya taɓa. Amma mutumin da ya iya durƙusawa gaban kawunsa yana roƙo har da hawaye, alhali shi ya shirya abin, ba na ɗauke mai ido. In ya aiko aron cokali, da kaina nake kai mai, in tsaya a kansa har ya gama.