Dutsen Taimamar Goggo

A shekarar da ta biyo bayan yanke Zamfara daga Sakkwato Allah ya nufe ni da zuwa Umra. Ni mai sayar da hatsi ne a Ƙaura Namoda, ina kuma cin kasuwar Shinkafi, kuma ban taɓa hawa jirgin sama ba sai a wannan karon. Da labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa da sallahu, wannan tasbaha, wancan turare, wata tozali. Na samu takarda na rubuta su duka da ajami, na ninke na sa a aljihun gaba. Sallahu ɗaya ne ban rubuta ba, don na ɗauka babu abin da zai sa in manta da shi.

Na goggo ne, ƙanwar mahaifina da ke Zurmi. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini. A lokacin sanyin ƙashi ya kwantar da ita. In ruwa ya taɓa ta sai gaɓoɓinta su wuni suna zugi, saboda haka taimama take yi, da wani baƙin dutse da aka ɗauko mata daga bakin gulbi. Da na je sallama ta ce ba ta son zane, ba ta son zobe. Dutse take so, daidai tafin hannu, daga gindin dutsen Uhudu a Madina, ta riƙa taimama da shi tunda ƙafarta ba za ta taka can ba. Na ce mata ta ɗauka ya riga ya zo.

Kwana takwas na yi a Madina. Na je Uhudu, na yi addu'a, na yi kuka, na sayi dabino a gindinsa. Na zaro takardata na bi ta layi layi, na ga babu abin da ya rage, na shiga mota da hamdala.

Tikitin da aka samo mana a Kano ba kai tsaye yake dawowa ba, sai an ya da zango a ƙasar Girka, a birnin Atina. Zaman awa uku aka ce, sai jirgin da zai ɗauke mu ya samu matsala, aka ba mu takardar fita da masauki, aka ce sai bayan la'asar. Abokin tafiyata malamin makarantar boko ne daga Shinkafi. Ya ce shekara da shekaru yana koya wa ɗalibai labarin garin nan daga littafi, ba zai yafe wa kansa ba in ya wuni yana kallon bango bai je ya ga kufan tsoffin wuraren bautarsu ba. Na ce ni ban ga yadda mutum zai fito daga Harami ya zarce gidan gumaka ba.

Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai ba sujada za ka yi musu ba. Mu je ka ga yadda masu ƙarfi suke ƙarewa. In ka ji imaninka ya fara rawa, sai ka riƙe rigata.”

Na bi shi. Wurin yana kan wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai a tsakiyar gari, ana hawansa ta cikin itatuwan zaitun, kuma ranar na fara ganin zaitun a jikin uwarsa. Matakalar ta sha sawun mutane har ta yi santsi kamar dutsen niƙa, sai da na cire takalmi na riƙe a hannu. A sama akwai ginshiƙai na farin dutse, kowanne mutum uku ba za su rungume shi ba, suna tsaye babu rufi, iska na ratsa tsakaninsu. Wasu sun faɗi sun rabu gunduwa gunduwa kamar an yanka rake. A gefe na ga siffofin mata na dutse sun ɗauki rufin wata rumfa a ka, wuyansu a miƙe. Na kawar da kai, sannan na sake dubawa, don tsayuwarsu sak ta matan Fulanin da ke kawo nono Kasuwar Daji. Malamin yana ta bayani, wa ya gina, wa ya rushe, ni kuwa ina tunanin ganuwar garinmu ta ƙasa da damina ke ci kowace shekara. Waɗannan da dutse suka yi tasu, ga shi su ma babu ko ɗaya da ya rage ya ce nan ɗakina ne.

Wani mai gadi ya busa usur saboda wani Bature ya dafa ginshiƙi. Malamin ya karanta mini allon da ke wurin, ya ce an hana taɓawa, an hana ɗaukar ko tsakuwa. Na ji da kunnena. Duk da haka, muna gangarowa na ga wani ɗan farin dutse a gefen hanya, mai laushin fuska, rana ta ɗumama shi. Na duƙa kamar zan gyara takalmi, na jefa shi a aljihu. Na ce wa raina yara zan nuna wa.

Kwana uku da dawowa na ɗauki zamzam da dabino na shiga motar Zurmi. Mun yi nisa ina lissafa wa zan ba me, sai maganar goggo ta faɗo mini kamar an kwaɗa mini mari. Na sa hannu a aljihu don in ciro hankici in goge gumi, na ji dutsen yana nan, ashe rigar da na hau tsaunin da ita, ita ce a jikina.

Da na isa, goggo ta sa aka tashe ta zaune. Ba ta dubi dabinon ba, ta miƙo hannu biyu ta ce, “Babana, ina abina?”

Na ciro na sa mata. Ban ce na Madina ne ba, ban kuma ce ba na can ba ne, kuma da wannan na daɗe ina lallashin kaina. Ta shafa shi, ta kai shi goshi, ta ce ashe har duwatsun can farare ne. Ta sa aka fitar da baƙin dutsenta tsakar gida, kaji suka riƙa hawa kansa.

Shekara biyu da wani abu tana taimama da shi sau biyar a rana. A ƙarƙashin matashinta yake kwana. Matan unguwa in sun zo dubiya sai ta ba su su taɓa, kuma duk wadda ta taɓa sai ta sa mini albarka. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce taimama da kowane dutse mai tsarki ta inganta. Na san ba sallarta ce ke hana ni sukuni ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka sa ni cikin dattawan da ke zagaya kasuwa suna duba mudun awo, saboda ana ganina mai gaskiya. Ina kifa mudun mutane in ga ko an bubbuge gindinsa, ina yi musu wa'azi a kan amana, in dawo gida in kasa haɗiye tuwo. A cikin wannan hali aka aiko cewa jikin goggo ya yi nauyi. Na tarar da ita da hantsi, dutsen a tafinta. Ta ce wasiyya ɗaya gare ta, in an sa ta a kabari in sa mata shi kusa da kai, ta tashi da ƙasar Madina a gefenta.

Na ce wa matan da ke ɗakin su ba mu wuri. Na durƙusa na faɗa mata komai, takardar, da mantuwar, da tsaunin, da matan dutse. Ta saurara har na gama. Sannan ta buɗe tafinta a hankali, dutsen ya gangaro kan tabarma.

Ta ce, “Da ka bar ni na tafi da abina, Babana. Kwana nawa suka rage mini?”

Ta ce ta yafe, duniya da lahira, ta kuma maimaita don in ji. Da azahar ta yi ta ce a nemo mata tsohon dutsenta. Ni na fita na same shi a bayan rumbu, na wanke kashin kajin da ke kansa, na shanya ya bushe, na kawo mata. Ta buga tafinta a kai ta shafi fuska, ba ta kai shi goshi ba.

Kwana tara ta ƙara. Har yau ban sani ba ko don ita na faɗa, ko don in sauke kayana a kan mai jinya. Farin dutsen yana cikin gafakata tare da takardar sallahun nan. Ba na Madina ba ne, ba nawa ba ne, kuma ban san hanyar da zan mayar wa masu shi ba.