Kiɗan da Aka Share Daga Wayar Maigida

Ni mace ce ta cikin gida. Boko aji uku na yi na bari, amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune a tsakar gidanmu a unguwar Habbena nakan san wace maƙwabciya ke daka, daga yadda taɓaryarta ke sauka. Maigidana kuwa, Allah ya jiƙansa, tun daga bakin layi nake tsinto kukan babur ɗinsa a cikin na mutane, in ɗora ruwan shayi kafin ya yi sallama.

Mahauci ne, ɗan mahauci. Kiɗan gidansu kalangu ne, shi ake musu a biki da suna. Amma abin da ya kama zuciyarsa wani kiɗan Turawa ne. Akwai wani Nasara da yake kai wa nama duk Talata da Juma'a. Wata rana ya tarar da kiɗan yana tashi daga falon mutumin, sai ya tsaya a bakin ƙofa da ledar nama a hannu har abin ya ƙare. Nasaran ya yi dariya, ya karɓi wayarsa, ya zuba masa a katin memori. Maigida bai tambayi sunan waƙar ba, bai tambayi masu ita ba. Me zai yi da suna tunda abin yana aljihunsa?

Ranar da ya fara kunna min, bayan la'asar, na yi masa tsiya sosai.

Na ce, "Malam, wannan ai ba waƙa ba ce, tafiyar Makka ce a ƙasa irin ta kakanninmu. Yaushe za a isa?"

Ya ce, "Ke dai yi shiru. Bakinki ya fi kunnenki sauri."

Doguwa ce ta gaske. In na ɗora shinkafa a farkonta, sai ta tsotse ruwa kafin a gama. Waƙar tana farawa can ƙasa, kamar injin niƙa a wata unguwa. Wani mutum ya yi 'yar waƙa da yarensu, ba yawa, ya yi shiru. Gangunan kuma ba sa tafiya daidai. Na taɓa gwada daka a kansu, sai taɓarya ta riƙa sauka a fili, don akwai bugu ɗaya da suke haɗiyewa a duk zagaye. Ba a rawa da shi, ba a aiki da shi. Sai an yi nisa, komai ya lafa, sannan jita ta shigo.

Na san jita. Ina jin ta Buzaye, ina jin ta mutanen Kongo da ake sakawa a shagunan bakin titi. Waɗancan gudu suke yi. Wannan mutumin ba ya sauri. Zai taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta tana kuka har ta kusa mutuwa, sannan ya taɓa ta biyu. Akwai wani wuri da yake danne tsirkiyar ya ja ta sama a hankali, sautin yana hawa, yana hawa, kana jiran ya kai, sai ya tsaya saura kaɗan, yana rawa a nan kamar muryar wanda ya zo faɗin mutuwa ya kasa. Har ƙarar yatsunsa ina ji in suna zamewa a kan ƙarfen. Duk lokacin da aka zo wurin nan, Maigida yakan ɗaga yatsa ɗaya, ko da kofin shayi ne a bakinsa, ya ce, "Ga shi nan."

Ban ɗauki abin da nauyi ba sai da muka rasa 'yarmu ta biyu, tana da shekara huɗu. Zazzaɓi ne, kwana biyu. Shi ya ɗauke ta a hannunsa aka tafi maƙabartar Lamadji. Ya dawo ya zauna a tabarma kwana uku yana karɓar gaisuwa, ba abin da ke fita bakinsa sai hamdala. Mahauci ba ya hawaye a gaban maza. A gabana ma bai yi ba. Sai bayan arba'in, wata la'asar, na ji ya kunna kiɗan ƙasa ƙasa a ɗaki. Na leƙa ta labule. Yana zaune ya juya wa ƙofa baya, kafaɗunsa suna motsi. Da ya ji ni bai waiwayo ba, sai ya ce, "Mai jitar nan ya taɓa binne wani."

Na shiga na zauna. Daga ranar kiɗan ya zama namu mu biyu. Ba ma maganar yarinyar. In ɗayanmu ya tuna ta, sai a kunna.

Shekara shida muna haka. Sai shi ma ya kwanta, ciwon ciki, mako guda a asibiti, aka kai shi Lamadji.

Yayansa, wanda ni ma nake ce wa Yaya, dattijo ne mai tsoron Allah, a unguwar Atrone yake zaune. Shi ya tsaya a kan komai, kuma ba zan taɓa cewa ya cuce ni da gangan ba. Ranar sadakar bakwai ya tattara kayan mamacin yadda aka saba, riguna, wuƙaƙe, babur, waya. Washegari ya dawo, ya tsaya daga bayan labule, tunda ina takaba, ya miƙo min wayar.

Ya ce, "Ƙanwata, ga wannan ki riƙe. Na duba na ga akwai kaɗe-kaɗen Nasara a ciki. Na kai kasuwa an share su tas, an zuba karatun Alƙur'ani izu sittin. Duk wanda ya saurara, ladan yana isa gare shi. Bai kamata mu bar shi da kayan zunubi a kabari ba."

A muryarsa na ji farin cikin wanda ya yi wa ƙanensa gata na ƙarshe. Surukata tana gefe tana cewa Allah ya yi masa albarka. Me zan ce? In ce ina son kiɗa, mijina yana kwana takwas a ƙasa?

Na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Kiɗan yana nan a kaina, daga farko har ƙarshe, sai na riƙa bin sa kullum don kada ya tsere. Ba dama in rera a fili, mai takaba ba ta waƙa. Sai in na kunna murhu, ko ina wanke-wanke ruwa yana zuba, in bi jitar ta hanci. Sau ɗaya surukata ta ji, ta ce, "Kuka kike yi?" Na ce e. Ba ƙarya na yi ba.

Da na fita takaba, na hau babur ɗin haya zuwa kasuwa, wurin masu zuba waƙoƙi a waya. Na sami wani magidanci mai gilashi a gaban kwamfuta, Larabci da Faransanci ne a bakinsa. Na gaya masa abin da nake nema.

Ya ce, "Sunan waƙar, Hajiya?"

Na ce ban sani ba.

"Mai waƙar fa?"

"Bature ne. Yana da jita."

Ya cire gilashin ya dube ni. "Hajiya, rabinsu suna da jita."

Na ce to bari in yi masa. Na ja mayafi na rufe bakina, na rera wurin nan da hanci a tsakiyar kasuwa, masu sayar da caja suna kallona. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya kara min wata waya a baki, wadda ya ce tana jin waƙa ta faɗi sunanta. Na sake yi har sau uku. Wayar ta kawo waƙar wata mata mai ihu. Ya kunna min jita iri iri, wajen ashirin, duk masu gaggawa ne. Akwai ɗaya da ta ɗan yi kama, har gabana ya faɗi, amma da ya ja tsirkiyar sai ya kai inda za shi. Nawa ba ya kaiwa.

Ya ce, "Ma fi, Hajiya." Wato babu. Ya duba katin wayar Maigida ma, ya ce abin da aka zuba a kai ya riga ya danne na da.

Na sa a tambaya min gidan Nasaran. Aka ce ya koma ƙasarsu tun tuni, wasu ne a ciki.

Wayar tana nan a ƙarƙashin matashina. Ina kunna karatun da safe, mai karatun yana da murya mai kyau, ina roƙon Allah ya kai ladan inda Yaya ya nufa. Yaya yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, in ba shi shayi, mu yi hira. Ban taɓa gaya masa ba.

Abin da ke damuna shi ne, kunnen nan da nake taƙama da shi ya fara yi min gardama. Farkon kiɗan ya tafi. Gangunan sun miƙe a kaina, sun koma daidai da taɓaryata, na kasa tuna inda suke haɗiye bugun. Jiya ina tsince shinkafa na bi jitar har wurin da Maigida ke ɗaga yatsa, sautin ya hau, ya tsaya yana rawa. Na jira abin da ke biyo baya. Na jira har kaji suka zo suka fara ci a faranti, bai zo ba.