Jifa ta kan katanga

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau!

Kun san maigidana ya ƙara wa katangar lambunmu tsawo, wai ana leƙenmu. Tun daga ranar nan maƙwabciyarmu Inna Kulu ta daina amsa gaisuwata.

Ɗazu ina ban ruwan yakuwa, sai takalmi ya faɗo gabana, tim! Kafin in ɗago, ga ludayi. Ga kwano!

Na ce, "Haba Inna! Har ta kai ga jifa?"

Can na ji 'yar murya: "Hassana, ki zo."

Na ruga ƙofarta, a kulle ta ciki. Na dawo na kafa tsani na hau. Innalillahi! Ga ta kwance bakin rijiya, ta zame wajen wanke-wanke, ƙafa ta karye. Ɗanta yana kasuwar Bakura.

Ta ce, "Tun safe nike kira, ɗiyata. Muryata ba ta tsallakowa."

Na yi ta ihu har maƙwabta suka ɓalle ƙofar. Yanzu muna asibiti a Mafara.

Maigidana ya zo duba ta, ya kasa haɗa ido da ita. Yana fita na ji yana kiran magini a waya, wai ya zo ya rage katangar.