Jar Tutar Illo

Illo bai taɓa cin Binta mai fura da gardama ba. Shekara ashirin ya yi yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a wata 'yar tashar ƙauye kan layin Ƙauran Namoda. Da jirgi ya daina zuwa, ya dawo gida ya zauna yana cika mata baki, wai tsawon jirgi ya kai daga nan har Tozai.

"To Malam Illo, abu mai wannan tsawo, ƙaƙa ya ɓace maka kana tsaye da tuta?"

Aka bushe da dariya. Tashar kuwa ciyawa ta cinye ta, awaki suka gaje ofis. Abin da ya tsira da shi jar tuta ce da dokar aiki: in hanya ba lafiya, mai tuta ba ya gusawa sai abin da ke tafe ya tsaya.

Wata ranar kasuwar garin Isa da la'asar, yana gona, ya hangi 'yan bindiga sun tare hanya a kwazazzabo. A kan idonsa suka harbe mai babur, suka sassare wanda ya goyo, suka cinna wa babur ɗin wuta. Mai hankali gida zai nufa. Illo, da ƙafafun nan kamar na zalɓe, ya ratsa dawa ya ɓullo gaba da su, ya zaro tutar daga aljihu, don ko Idi da ita yake zuwa, ya kafe a tsakiyar hanya. Motar Hussaini direba na tafe, mata talatin a ciki. Hussaini ya zage shi tas. Bai gusa ba. Da direba ya hangi hayaƙi, ya juya a guje.

Sai ga 'yan bindigar. Suka karya masa hannu da gindin bindiga, suka tattake shi har haƙora suka zube, suka bar shi a zaton ya mutu. Don haushi suka shiga gari suka ƙone rumbu tara.

Kwana uku bayan nan ƙanensa Is'haƙa ya tsaya a kansa, gaban masu dubiya.

"Yaya, kai ka jawo muna. Gerona na shekara ya zama toka. Wa ya aike ka?"

Illo ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbure.

"Kadijatu matarka tana cikin motar nan. In geron ka fi so, ka san inda suke. Kai masu ita, ka ji ko za su musanya maka."